Robar Kunun Aya da Farin Leshin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa babbar baƙuwar makarantarmu wanka da ruwan kwatar Nyanya ba. Kuma tun yanzu in gaya muku, kunya dai na ji, har yau ina ji, amma wanda ke jiran in ce na yi nadama gara ya nemi kujera ya zauna.

Muna ajin ƙarshe a sakandarenmu ta Jikwoyi, Malam Bitrus mai koya mana kimiyya ya raba mu rukuni-rukuni. Ya ce kowane rukuni ya ƙirƙiro wasan da zai koya wa yara illar gurɓata muhalli, wanda ya yi fice shi zai wakilci makaranta a gasar da za a yi a Wuse. Ni kuwa gasar nan ta tsaya mini a rai. Na gaji da yadda 'yan makarantun cikin gari ke kallon takalmanmu kafin su kalli fuskokinmu.

Rukuninmu mu uku ne: ni, da ƙawata Ladi, da Kabiru, wanda ya naɗa kansa shugaba don kawai ya iya zane. Muka yi wasa irin na ludo a kan kwali. Ka faɗa gidan shuka bishiya ka yi gaba, ka faɗa gidan zubar da leda a kwata ka koma baya. Ya yi kyau, amma lami ne, ba gishiri.

Sai na ce, "Duk wanda ya faɗa gidan kwata, a ba shi ruwan kwata na gaske ya shinshina. Shi ne hukuncinsa."

Kabiru ya ce, "Ke, kina da hankali kuwa?"

Ladi ta riƙe hanci ta ce, "Wallahi ba ruwana, ni ba zan taɓa shi ba."

Na ce 'yan cikin gari suna da kwamfuta, mu kuma muna da kwata, kowa ya zo da abin da Allah ya hore masa. Na dage, na kafe, har suka gaji suka bar ni.

Ummata kunun aya take sayarwa, don haka roba ba ta yi mini wuya ba. Na ɗauki ɗaya cikin waɗanda ba a wanke ba (na ce me za a wanke, abin da ƙazanta za a zuba?), na je bayan tashar Nyanya na ɗebo ruwan nan baƙi wuluk, 'yan kamasho suna ta yi mini dariya. Sannan na murɗe murfin yadda Umma ta koya mana, da bakin zani, da iya ƙarfina, don kada ko iska ta fita. Na ajiye a siton makaranta ranar Juma'a, ƙarƙashin rufin kwano, ga zafin Abuja. Duk 'yar mai kunun aya ta san abin da zafi ke yi wa ragowar kunu a rufaffiyar roba. Ni ce dai na mance, don kaina ya riga ya tafi Wuse.

Ranar Litinin alƙaliyar da za ta zaɓi rukunin da ya yi fice ta iso, wata Hajiya daga wani ofishin kula da muhalli, cikin farin leshi, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ta zagaya ta zo teburinmu, ta ce za ta buga da kanta. Jifar farko, sai gidan kwata. Na ga robar ta kumbura ta yi tumbi, amma bakina ya riga hankalina.

"Ranki ya daɗe, doka ce. Sai kin shinshina."

Shugaban makaranta ya zare mini ido. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ƙyale ta, doka ai doka ce." Ta karɓa, ta kawo saitin hanci, ta murɗa.

Fau!

Jama'a, murfin sai da ya daki silin. Ruwan ya yi tsiri ya sauka a kan gwaggwaronta, da leshin, da gilashin idonta, ragowar ta sami Malam Bitrus a aljihun riga. Warin kuwa, subhanallahi! Yara suka watse ta taga. Kabiru ya shige ƙarƙashin tebur. Ladi tana ta "Yesu! Yesu!" Ni kuwa na ƙame da kwalin a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Shugaban makaranta ya daka mini tsawa, "Durƙusa ki ba da haƙuri! Wace irin ƙazanta ce wannan?"

Na durƙusa, na ba da haƙurin leshi. Amma wannan baki nawa ya ƙi mutuwa. Ina hawaye na ce, "Ranki ya daɗe, ba ni na haɗa ruwan nan ba. Ta gefensa muke wucewa kullum, a bakinsa ake soya mana awara."

Hajiya ta cire gilashi, ta dube ni. Aka kai ta mota, direba ya sauke duk gilasan motar saboda wari.

Ba mu je Wuse ba. Rukunin da ya zana bishiya mai murmushi ne ya je. Kabiru bai sake yi mini magana ba har muka gama makaranta, kuma sunan Mai Kwata ya bi ni. Bara ma, a bikin Ladi, ina tsaye da mijina cikin ankon da nake ji da shi, wani ƙato da gemu ya ƙwalo daga nesa, "Mai Kwata, kina nan?" Kabiru ne. Na ɗaga masa hannu na ce ina nan daram, kwatar ma tana nan inda muka bar ta.

Mijina ya tambaye ni ko na koyi darasi. Na ce sosai ma. Da za a sake, da na sake ɗebo ruwan nan, na sake miƙa wa Hajiya. Murfin kawai zan sassauta, in kuma ja baya kaɗan.