Ƙafata a Takardar Ƙosai

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma bari in gyara zancen da ake yaɗawa a Tasawa: ba wanda ya yi mini asiri, ba wanda ya ɗauki hotona a ɓoye. Ni na tona kaina.

Sakatariya ce ni a biron wata ƙungiyar mata manoma. Da za a sayar da tsohon injin fotokofinmu, direkta ya ce in kira mai gyara ya goge abin da ke cikinsa, wai injin yana ajiye hoton duk abin da aka ɗora masa. Na ce a raina, inji ne ko maroƙi? Na zare wayar wuta na mayar, na ce an goge. (Jira ne ba na iyawa, ko tuwo da zafinsa nake ci.)

Wani mai shago a bakin tasha ya saya. Garin gwaji ya danna wani wuri, inji ya yi ta aman takardu, shi kuwa ya tattara ya ba mai ƙosai ta naɗi.

Ranar wani taro a bironmu aka sayo ƙosan. Ga Hajiya shugabar matan garin Kanan-Bakashe, wadda ta tattaro mana katin shaidarsu da hannunta bisa amana, muka yi fotokofinsu. Ta buɗe ƙullinta, ta tsaya.

"Ɗiyata, wannan ƙafar wa?"

Tawa ce. Lokacin bikin yayata na hau kujera na ɗora ta a gilashin injin don in adana zanen lallen. Har da kaushi, baƙi ƙirin, mai ya jiƙe shi.

"Lallen dai ya kama," in ji direbanmu. Aka fashe da dariya, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Sai Hajiya ta buɗe takarda ta biyu, dariya ta mutu. Katin wata maƙwabciyarta ne, da hoto da suna da lamba.

"Haka kuke riƙon amana?" Ba ta ɗaga murya ba. Gara ma ta mare ni.

Direkta bai kore ni ba, kallo ɗaya ya yi mini. A ranar na kai mai gyara shagon, na tsaya a kansa har ya goge komai, na bi mai ƙosai na karɓe ragowar.

Wanda aka riga aka naɗe kuwa ya tafi. Ranar kasuwa zan hau mota zuwa Kanan-Bakashe in faɗa wa matan da bakina. Da safa a ƙafata zan je.