Shekarar da Kurmin Kanya Ta Nemi Zama ta Ƙarshe

A wani daji mai suna Kurmin Kanya akwai ƙungiyar ƙwallon kwando da ba ta taɓa cin kofi ba, ba ta kuma taɓa zama ta ƙarshe ba. Kullum tana tsakiya. Duk da haka ranar wasa filin yakan cika, don a ga kyaftin ɗinsu, wani raƙumin dawa mai suna Barmo, wanda gwiwoyinsa suka fara ciwo amma hannunsa bai manta hanyar kwando ba.

To, dokar gasar dazuzzuka ta ce ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe cikin matasan 'yan wasa. Ganin haka, majalisar masu ƙungiya ta zauna, Bauna na shugabanta. Dila mai ba da shawara ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, tsakiya kabari ce. Ba mu isa kofi ba, ba mu faɗi yadda za a tausaya mana ba. A sallami tsofaffi, mu sha kaye bana da baɗi, mu kwashi zaratan yara. In za ka sha zuma, ka jure harbi."

Barmo ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce, "Shugaba, da tsohuwar zuma ake magani. Ku kawo yaran, mu koya musu. Amma ban san yadda ake shiga fili da niyyar faɗuwa ba, kuma na tsufa da koyon wannan."

Daga bakin ƙofa wata tsohuwar bushiya, Iya Tabawa, wadda tun tana budurwa take zuwa kallo, ta ɗaga murya.

"'Ya'yana, ni ban ce ku kawo mini kofi ba. Ina zuwa ne ban san wa zai ci ba, zuciyata na bugawa. Shekarun da kuke cewa a jira, wa ya ce muku ina da su?"

Bauna ya ce an ji, an gode. Aka bi shawarar Dila.

Aka tura Barmo wani daji mai nisa. Ranar tafiyarsa ya tsaya ƙarƙashin kwandon ya daɗe, sannan ya wuce.

Sai dai ba Kurmin Kanya kaɗai ke da dila ba. Ƙungiyoyi da dama suka shiga tseren zuwa ƙasa. Aka yi wasan da kowane ɓangare ke miƙa wa abokin gaba ƙwallo cikin ladabi. Iya Tabawa ta kalli rabinsa, ta tashi tana share ido. Ba ta sake zuwa ba, kafin damina ta rasu.

Da ƙyar 'yan Kurmin Kanya suka samu zama na ƙarshe, suka zaɓi wata matashiyar jimina mai gudu kamar iska. Ta iso ta tarar ba mai koya mata, abokan wasanta kuma faɗuwa kawai suka iya. Ta yi haƙuri har ƙarfinta ya kawo, sannan ta koma dajin da ake cin kofi.

Majalisa ta sake zama a tsakiyar fili. Dila ya bayyana cewa shirin yana tafiya daidai, saura a ƙara rushewa kaɗan. Aka tafa masa, tafin kuwa ya yi amo ƙwarai, don babu inda sauti ke kaiwa nesa kamar wurin da ba kowa.