Ranar da Karfasa Ta Buɗe Baki

A wani daji mai nisa da gari, amma ba nisan da zai hana ƙazantar gari isowa ba, akwai wani tafki da kifaye ke da majalisarsu. Cikinsu akwai Karfasa, uwa mai shegen bin diddigi. Al'adar danginta ita ce da zarar inuwar tsuntsu ta gifta, uwa ta buɗe baki, 'ya'ya su faɗa ciki da gudu.

Wata damina sai wani ruwa shuɗi mai ƙamshin sabulu ya fara gangarowa daga kwatar gari. Bai kashe kowa ba. Abin da ya ɗaure wa Karfasa kai shi ne 'ya'yanta sun daina tsoro. Inuwa za ta gifta, ta hangame baki har muƙamuƙinta ya yi tsami, su kuwa su taso sama suna leƙen mai inuwar. Ta gwada su a bakin kwata, ta gwada su can ƙurya inda shuɗin bai kai ba, ta ga bambanci ƙiri-ƙiri. Hankalinta ya tashi. Da ƙyar ta tattara su ta cusa a baki, ta nufi majalisa.

Ta tarar Sarki Giwan Ruwa yana jawabi: "Jama'a, yaran yanzu wayewa suka yi, ba sa gudun baƙo. Amma tunda ana ƙananan maganganu, mun naɗa kwamitin bincike. Don a yi adalci kuma, mun ɗauko shugabansa daga waje, wanda ba shi da dangi a cikinmu."

Karfasa ta ɗaga ido, sai ga Malam Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, cikin natsuwa.

Zalɓe ya ce, "Mai shaida ya yi magana. In babu, mu sanar cewa ruwa lafiya lau."

Ta duba hagu da dama, ba ta ga mai niyyar fitowa ba. In ta yi shiru, shuɗin zai ci gaba da kwarara. In ta yi magana, 'ya'yanta za su fito. Duk da haka ta buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan ne ya cire musu tsoro. Na gwada na gani. A tare kwatar, ba don ni ba."

Kafin ta rufe baki, yaran sun yi sama, suna kewaya ƙafar shugaba.

Zalɓe ya sunkuyo ya ce, "Baiwar Allah, kin kyauta da kika zo da hujja. Za mu duba su ɗaya bayan ɗaya."

Kafin la'asar kwamiti ya kammala aikinsa, ya sanar cewa ya bincike tafkin kaf, bai samu yaro ko ɗaya mai wannan matsala ba.