Makirfo Mai Jan Ƙyalle

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara jin muryata da kunnena, ina da shekara arba'in da ɗoriya.

Shekara tara ina cikin mawaƙan mata na majami'armu a Tsibiri, kuma ni na naɗa kaina mai gyaran kowa. Wance ta cika waƙa da hanci, wance tana jan baiti kamar mai jan guga. Har makirfo gare ni nawa na kaina, an ɗaura masa jan ƙyalle, ba mai taɓa shi. (Na ɗauka girmamawa ce. Kun ji wauta.)

Sai bikin ɗiyar ƙanwata ya taso a Jiratawa. Dangin ango 'yan Maraɗi ne masu ji da kansu, na ce yau za su san Tsibiri na da murya. Su suka ɗauko mai kayan sauti daga birni, wani bawan Allah mai ƙwazo wanda bai san mu ba. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya jona, har da na mai jan ƙyalle. Na hango shugabarmu, Mama Saratu, tana ta kaɗa masa hannu, na ce a raina tsufa ya fara taɓa ta.

Aka buga tulun kiɗa, muka ɗauki waƙa. Sai wata murya ta faso daga lasifika kamar akuya ta maƙale a danga. Dangin ango suka fara taɓa juna, amarya ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci. Na harari ta damana, na harari ta haguna, na ƙara ɗaga murya don in rufa musu asiri. Akuyar ma ta ƙara. (Ko a nan ban gane ba, wallahi.) Da abin ya ishe ni na tsaya cak, na juya na ce, "Wai wace ce wagga mai kashe muna waƙa? Ta ji tsoron Allah ta yi shiru!"

Lasifika ta kai wa duk taron maganata, da muryar nan dai, ba wata ba. A bayana kuwa waƙa na tafiya sumul, gwanin daɗi.

Mama Saratu ta matso ta dafa ni. "Ai ta yi shiru, ɗiyata. Shekara tara muna cire miki waya."

Da a ce ƙasa za ta tsage, da na shige har da ɗankwalina. Na ce, "Mama, don mi ba ku hwaɗa mini ba?"

Ta ce, "Yaushe? Kullum kina gyaran wata."

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ni kuwa gida na gina a kan nawa. Yanzu caki nake kaɗawa a layin baya. Kuma kowace Lahadi sai na fara girgiza shi a kunnena, in tabbatar ba a zubar da tsakuwar ciki ba.