Ramukan Madam Odile

Ba zan taɓa mantawa ba da aika-aikar da na yi wata Asabar a dajin bayan birnin Lyon. Ni mai sayar da atamfa ne a unguwar Château Rouge. 'Yata Hadiza tana karatu a Lyon, ta shiga masu aikin sa kai, masu gyara hanyoyin daji da ruwa ya zaizaye. Ta gayyace ni, har da kashedi: "Papa, don Allah ka bi abin da aka ce." Na ce, "Ke! Ni da na tashi a gonar Maraɗi?" So nake ta yi alfahari da ni gaban mutanenta.

Subhanallahi, daji! Itatuwa sun rufe sama, ruwa na gudu ƙarƙashin duwatsu, masu keke da masu doki da masu ƙafa duk hanya ɗaya. Ga shugabar masu aikin, Madam Odile, tsohuwa mai furfura, tana tura baro cike da duwatsu.

Aka ba ni shebur, na yi gaba ni kaɗai (zumuɗi ke nan). A gangare na tarar da ramuka sun ratsa hanya, kowanne da gungumen icce a bakinsa. To a wurinmu, kawar da abin tuntuɓe daga hanya sadaka ce. Na fizge gumaguman, na cike ramuka, na tattake sumul. Har na ɗaga murya: "Ku zo ku ga aiki!"

Suka zo. Hadiza ta rufe fuska. "Papa, magudanai ne! Su ke kauda ruwan sama kada ya cinye hanya. Tun bazara muke haƙa su." Ga hadari ya haɗo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Madam Odile ta durƙusa ta fara tono, ta ce, "Monsieur, kai ka san inda ka binne su, nuna mana." Muna gyara na ƙarshe ruwa ya sauko. Na tsaya sharkaf ina kallon shi yana gangarowa, ya iso rami ya karkace cikin daji kamar akuya a igiya.

Tun daga ranar, ko rami na gani a tsakiyar hanya, sai na tambayi wanda ya haƙa shi kafin in nemi lada.