Shinkafar da Na Ba wa Maki a Tsibiri

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Tsibiri cin shinkafar mutane ba.

Auren ƙanena Sani ne ya matso, Inna ta ɗora mini neman mai girkin walima. Mata biyu aka ambata mana: Hajiya Rabi ta Jiratawa da Tanti Zuwaira ta Tsibiri. Na tambayi matan layinmu a Sabon Gari, kowa ta yabi tata. Wata ta ce Rabi ta cika gishiri, wata ta ce Zuwaira ba ta sauke tukunya sai la'asar. Da na bi diddigi, sai na tarar mai kushe Zuwaira aminiyar Rabi ce, mai kushe Rabi kuwa ko lomar girkinta ba ta taɓa kaiwa baki ba. Ni kuma malamar lakwal ce, wato makarantar boko (kullum ina hana yara yarda da ji-ta-ji-ta), sai na ce harshena ne zai raba gardama.

Ta Jiratawa ta zo da sauƙi. Wata abokiyar aikina ta yi suna, Rabi ta dafa, na ci da gayyatata. Ta Tsibiri ce aiki. Na ji Zuwaira za ta yi girkin wani biki a bayan kasuwa, amma ban san kowa a gidan ba. Maimakon in kira ta a waya kamar mai hankali, sai na ce in ta san da zuwana za ta gyara hannu. Na ɗauko leshina na fita kunya, na hau kabu-kabu, na ce ya kai ni gidan biki bayan kasuwa.

Inda ya ga an kafa rumfa, nan ya sauke ni. Na yi sallama, na kutsa tsakiyar mata na zauna kamar da ni aka yi baiko. Aka kawo tire. Shinkafar ta yi warawara, naman ya dahu har ƙashi, yaji bai fi ƙarfin miya ba. Na ci, na ƙara. Har na zaro ɗan littafina daga jaka na rubuta sha takwas bisa ashirin (hali zanen dutse), na kuma ƙulle kaɗan a leda don Inna ta ɗanɗana.

Ashe wata dattijuwa a gefena tana kallon komai.

"Ɗiyata, ban waye ki ba. Ta wane ɓangare?"

"Dangin ango ne, Inna. Daga Maraɗi."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni na haifi angon, ga shi sai yau Allah ya haɗa mu."

Mata suka juyo kaina. Ga leda a cinyata, mai yana bin leshi. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba yadda na iya, na kwance musu zance tun daga farko.

"Zuwaira?" in ji dattijuwar. "Ai nata bikin yana layin baya. Wannan ni da ƙannena muka dafa."

Wata ta karɓi littafin ta karanta makin da ƙarfi. Dattijuwar ta gyara zama, fuskarta ba ko murmushi.

"To madam, sauran biyun mi ya cinye su?"

Mata suka fashe da dariya, har masu wanke-wanke suka leƙo. Na ce a yi mini afuwa, na maida shi ashirin cif a gabansu.

Hajiya Indo (sunanta ke nan) ba ta bar ni na tafi da leda ba. Ta cika mini kwano, ta yafa mayafi ta raka ni har wurin Zuwaira. Zuwaira ta zubo mini nata girkin, amma ina, cikina ba masaka tsinke. Ta ce da na kira ta, da ta haɗa ni da gidajen da ta yi wa aiki in tambaye su da kaina. Haka na yi washegari, ita muka ɗauka, kuma ta fitar da mu kunya.

Hajiya Indo ma ta zo walimar, da katin gayyatarta a hannu, ta ce ita ba ta iya shiga gidan mutane haka kawai ba. Har yau muna zumunci.

Bincike dai ban daina ba. Sai dai yanzu, kafin in wanke hannu, nakan fara tambayar gidan wa na shigo.