Babbar Rigata a Bututun Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zubar min da haƙora, da ranar da na je gyaran bututu gidan surukaina a Gwarzo. Bututun ruwan wanka ne ya fashe, kuma bai tashi fashewa ba sai a ƙarƙashin ɗakin Inna, kakar matata. Danshi har ya fara cin bango. Duk mai gyaran da aka kawo sai ya ce a fasa daɓen ɗakin, ita kuwa Inna ta ce sai bayan ranta, don marigayi mijinta ne ya yi daɓen nan da hannunsa.

Lokacin ban daɗe da dawowa garinmu Kabo daga koyon wani sabon aiki a Kano ba, gyaran bututu ba tare da an tona ƙasa ba. Wata aba ce kamar doguwar safa, a jiƙa ta da gam, a ja ta cikin tsohon bututun, a hura mata iska ta manne a jikinsa. In ta bushe, ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Sai dai in aka kwaɓa gam ɗin nan ba ya jiran kowa, balle da zafin bazara. Na bugi ƙirji na ce ko tsakuwa ba za a ɗaga a ɗakin Inna ba.

Ran aikin na sha babbar rigar aurena (kada ka tambaye ni dalili, an dai ce min mutane za su zo kallo). Muka kwaɓa gam, abokin aikina Ɗanlami ya zagaya bayan gida da igiya da injin iska, ni kuma na tsaya a bakin bututun ina zura safar. Muna cikin haka sai ga surukina, Alhaji, tafe da aminansa daga Durun.

To wa ya isa ya gai da suruki a tsaye? Na zube, kai a ƙasa. Aka yi ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Kabo, ya zafi. Wannan ya gama, wancan ya ɗauko daga farko. Ɗanlami kuwa bai san wainar da ake toyawa ba, ya ja igiyarsa ya tayar da inji. Sai da na yunƙura zan miƙe na ji an riƙe ni. Ashe gefen rigata ya bi safar ya shige bututu, iska ta matse shi, gam ya fara kamawa.

In na ce a saki iska, aiki ya lalace, gobe a kawo diga ɗakin Inna. In na zauna, sai in wuni a tsugune kamar mai jiran hukunci. Na rufe ido na zare rigar ta kai. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa wata tsohuwar singileti ce mai huji har uku, wadda matata ta sha roƙona in jefar. Kunya ta kama ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya kau da kai yana duban bishiyar darbejiya, ɗaya daga cikin aminan ya kama tarin da ba na mura ba.

Amma fa da gam ya bushe aka kwara ruwa, sai ga shi yana fita bayan gida sumul. Dattawan nan suka dinga leƙa bututu suna jinjina kai, har wani ya ce in zo Durun in duba nasa. Ni da singiletina na tsaya ina bayani kamar kwamishina.

Inna ta aiko da almakashi aka yanke abin da ya saura na rigar. Ta kira ni ƙofar ɗakinta, ta dafa daɓen ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Riga ai ana sake ɗinkawa.”

Har yau shaddata tana nan manne a bututun, danshi bai dawo ba. Ni kuwa tun daga ranar sai na gama gaisawa da kowa, har da na maƙwabta, kafin in buɗe gwangwanin gam. Singiletin ma na jefar.